Kwano Ɗaya da Layi a Tsakiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata ta fari, tare da gaisuwa mai yawa. Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ki a ɗakin kwana da ɗakin karatu, ya haɗa ki da abokan zama nagari a Zariya, ya kau da idon mugu daga kanki. Babanki yana gaishe ki, ƙannenki ma haka, har da maƙwabciyarmu Gwaggo Lami, wadda take tambayarki kullum kamar ita ta haife ki.

Na san za ki yi dariya ki ce ga waya a hannun kowa, me ya kai Umma ga biro da takarda. To, kin dai san ni. In na kira ki, daga "ya karatu" sai "ya garin", shi ke nan bakina ya yi nauyi in miƙa wa ƙannenki. Ke 'yar fari ce, kuma sunan kakarki aka sa miki, kunya biyu ke nan ta haɗu a kaina. Tun ranar da aka raɗa miki suna ban taɓa furta shi ba. "Ke" nake cewa, ko "yarinyar nan", in akwai baƙi ma sai in yi kamar ban san da zamanki a gidan ba. Haka muka tashi muka ga iyayenmu suna yi. Amma takarda ba ta da idon da za ta kalle ni, don haka yau zan faɗi abin da ke raina.

Ba labarin gida zan ba ki ba, gida yana nan yadda kika bar shi. Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni tun da adaidaita sahu ya ɗauke ki da akwatinki zuwa tashar Kura. Wa zai ga kin ci abinci? Kowa yana taya ni murna wai 'yata ta shiga jami'a, ina amsawa, amma zuciyata tana kan wannan tambayar.

Bari in fara da kaina, don kada ki ce wa'azi na zo yi miki daga sama.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan daga Madobi, siririya ce ni kamar sillen kara, kuma lafiyata lau. Ina ɗaukar rabin buhun shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, in kai bakin murhu ba tare da na yi haki ba. Wata rana a gidan suna, wata mata ta dube ni sama da ƙasa ta ce da ta kusa da ita, da ƙarfi yadda zan ji, "Gida ga shinkafa har rufin ɗaki, amma amarya kamar an yi fari. Mijin nan bai iya kiwo ba." Aka yi shewa. Ni ba don kaina na ji zafi ba, don babanki na ji. A wurinmu jikin mace shi ne shaidar mijinta, in ta rame shi ake zagi.

Ranar kasuwar Bunkure na je wurin wani mai tallan magani a faranti, na sayo ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe. Ban tambayi kowa ba, ban gaya wa babanki ba. Yunwar da take sa wa mutum ba ta da kunya. Sai in ci nawa, in kankare ƙanzon tukunya, in zauna ina jiran a kira azahar don in sake ɗora wata. Fuskata ta yi zagaye, wuyana ya cika, mata suka fara cewa, "Masha Allah, hutu ya karɓe ki." Ina jin daɗi, ina ƙara sha. Na yi shekaru a haka, ga kunun kanwa na jego da ake ɗura wa mutum duk haihuwa, ga lemon kwalba da babanki yake shigo mini da shi don ya faranta mini.

Sauran labarin kin gan shi da idonki. Kin ga yadda nake dafa bango kafin in miƙe. Kin ga na koma turara shinkafa a zaune, ina nuna wa yara da baki abin da dā hannuna ke yi. Kin ga na yi salla a kan kujera ina da ƙuruciyata, ga hawan jini, ga ciwon suga yana leƙo ƙofa. Matan da suka ce babanki bai iya kiwo ba, ko ɗaya daga cikinsu ba ta taɓa raka ni asibiti ba.

Don haka ki ji ni. Kada ki haɗiyi komai saboda bakin mutane. A zamanina maganin ƙiba ake sayarwa a faranti, a naku shayin rage ƙiba ake tallatawa a waya. Ni a wurina ɗan kasuwar ɗaya ne, kayan farantin kawai ya canza. Duk abin da ba likita ne ya dube ki ya rubuta miki ba, ko ƙawar da kika fi so ce ta miƙo, ki ce kin gode ki bar mata abinta.

Kuskurena na biyu a kanki ya faɗa. Da yake ba ni da ikon in rungume ki a gaban mutane ko in kira sunanki, sai na mayar da son da nake miki cikin kwano. In ina rabon abinci, naki ne mai ƙarin ludayi, naki ne mai mai a sama, tsokar da na ɓoye a ƙasan shinkafa taki ce. Kika tashi 'yar lukuta, kumatu kamar a taɓa jini ya fito, ni kuwa ina kallo ta gefen ido ina jin daɗi.

Kin tuna ranar shanya a bakin titi, kina 'yar shekara sha biyar? Mun baza turararriyar shinkafa a tamfol, ke kina jan ta da ƙafa, masu lodi suna ɗora buhuna za a kai inji. Wata mata ta ce, "Kai, 'yarki ta girma, tubarkalla." Uwar 'yar fari ba ta amsa yabo, sai dai ta kushe. Sai na ce, "Wannan? Ai buhu ce. Ku ɗora ta a kan motar ma a cika lodi." Kowa ya yi dariya, har masu lodin. Ke ma kika yi dariya, shi ya sa na ɗauka ya wuce. Ashe sunan ya bi ki har makaranta, yara suna kiran ki Buhu, kuma kowa ya san daga bakin uwarki ya fito. Magana zarar bunu ce. Da ana mayar da ita, da na bi gari gida-gida na tsinto wannan.

Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, in magana ta yi miki ciwo, kada ki taya mai ita dariya. Ko ni ce, ki ce, "Umma, ban ji daɗi ba." Ke ma kuma ki kiyaye harshenki a kan jikin 'yar wani. A ɗakinku za ki ga mai ƙiba, za ki ga siririya, ba ki san abin da kowacce take fama da shi ba in ta tsaya gaban madubi.

Na ukun shi ne wanda har yau in na tuna nake ajiye abin da ke hannuna. Bayan azumin waccan shekarar kika yi sitta Shawwal, na ce madalla. Kika ɗora da Litinin da Alhamis. Daga nan kwanakin suka fara yawa, yau ramuwa ce, gobe nafila, jibi kin yi alkawari saboda jarrabawa. Ni kuwa, da ban taɓa yabon ki a gaban kowa ba, sai ga abin da zan iya yabo ba tare da an ce na yi rashin kunya ba. Ina wurin turara ina cewa mata, "Yarinyar nan ta fi ƙarfina, azumi kamar tsohuwa." Suna cewa Allah ya ba ni waliyyiya. Yarinya tana kashe kanta da yunwa a cikin gidana, ni ina karɓar barka.

Ranar da ba kya azumi kuma, sai ki ɗauki kwanonki ki shige ɗaki, ki fito da shi wankakke. Sannan ga ciyayyar Gwaggo Lami. Tun kafin a haife ki, duk yamma sai langarmu koriya ta tsallaka gidanta da abin da muka dafa, tata ta tsallako da abin da ta dafa. Ƙannenki har faɗa suke yi a kan wanda zai kai, kowa yana gudun aiken. Rana ɗaya kika ce ke za ki riƙa kaiwa. Na ce a raina yarinya ta yi hankali. Ashe a zaure kike tsayawa ki juye rabonki a cikin langar, ki rufe, ki miƙa.

Gwaggo Lami ta sha leƙowa ta katanga tana cewa, "Maman yara, hannunki ya buɗe kwanan nan. Har jikokina suna ƙoshi. Allah ya ƙara buɗi." Ni kuma in ce amin, ina tunanin tsohuwa ce da yawan godiya. Ni da nake ɗaukar ƙwayar shinkafa ɗaya in ciza in gaya miki ko ta bushe ko da saura. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to nawa idon shinkafa kawai ya san kimarta. Ke ban dube ki ba, don ba a koya mini duban 'yar fari ba. Ga hijabi har ƙasa ya rufe komai. Na ga gashi yana cika matajinki, na ce sabulu ne. Na ga kina sa rigar sanyi ana tsakiyar zafin bazara, na ce zazzaɓi ne. Da fuskarki ta faɗa, mutane suka ce kin zama 'yanmata, na yarda.

Sai ranar da ake tsinkar tumatir a gonar babanki, kika ɗauki abincin 'yan aiki za ki kai. A kan gaɓar kanal ɗin ban-ruwa jiri ya ɗebe ki. Da kin faɗi ta ɗaya gefen, cikin ruwa za ki faɗa, kuma ranar an sako ruwa. Babanki ne ya ɗauko ki a kafaɗa har bakin titi. Daga baya ya ce da ni, "Na ɗaga ta da ƙarfin da zan ɗaga babbar yarinya, sai na ji hannuna ya tafi sama." Sai ya fita zaure. A asibiti, da ma'aikaciyar jinya ta naɗe miki hannun riga za ta sa ƙarin ruwa, na ga damtsenki. Ran nan ne na fara kallon ki sosai tun kina goye.

Gwaggo Lami ce ta haɗa zancen da ta zo dubiya. Ta tsaya a bakin gado ta daɗe tana kallon ki, sannan ta ce, "Ashe rabon yarinyar nan nake ci." Ta zauna a ƙasa tana kuka, na rasa wadda zan rarrasa tsakaninku.

Kin san abin da aka yi ta faɗa a gari. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Mun yi addu'a, kuma ba mu daina ba. Amma likitar da aka tura mu wurinta a Kano ta zaunar da ni ta ce wannan ciwo ne sananne, yana sa mutum ya ga ƙiba a jikinsa inda babu, ya riƙa jin tsoron loma kamar guba, kuma yana kisa in aka bar shi. Ta ce ba taurin kai ba ne, faɗa ba ya warkar da shi. Ban ji ba. Muna dawowa gida na tuƙa tuwo na tsaya a kanki ina ɗaga murya, ina cewa sai kin cinye ko in haɗa ki da babanki. Kika ci kina hawaye, kika zaga baya kika dawo da shi. Da muka koma na faɗa wa likita, sai ta dube ni ta ce, "Hajiya, ke ma fa ba lafiya gare ki ba. Ku biyun zan duba." Ta ce a samu wanda zai riƙa zama da ke lokacin cin abinci, ba mai gadi ba, abokin ci. Malaminku na Islamiyya shi ma ya aiko cewa jiki amana ne, mara lafiya ba ya nafila.

To wa zai zauna? Uwa da 'yar fari a kwano ɗaya, a garin nan, abin a yi ta zance ne. Ina ta jan ƙafa, sai ga Gwaggo Lami ta shigo da koriyar langar nan ta dire a gabana. Ta ce, "A cikin wannan ta zubar, a cikinta za ta ci. Ke da ita. Kunyar nan taki ki ajiye ta, ba ta taɓa raya kowa ba."

Kin tuna yadda muka fara? Bayan magariba, a kan tabarma, na sa yatsa na ja layi a tsakiyar abincin. Gefenki ki cinye, gefena kada in tsallake. Ranakun farko kina juya loma ɗaya har ta huce, ni kuwa na gama nawa tuni, idona yana kan naki. Dole na koyi ci a hankali don kada in bar ki ke kaɗai. Dole na koyi ba ki labarin Madobi maimakon in ce "ci mana". Likita ta ce ni in rage mai da lemo, in cika gefena da ganye. Abin dariya, mu da muke noma kabeji da salak da karas mu loda wa motoci su kai birni, mu zauna muna cin shinkafa da mai. Muka koma kwaɗon zogale, wake, kifi in an samu, nonon da 'yar Fulani take kawowa. Bayan la'asar mu taka a gefen kanal, ni ina haki kina jira na, har aka zo ina iya kaiwa gadar nan in dawo.

A hankali kumatunki suka dawo, nawa suka ragu. Ranar da na kai goshina ƙasa a sujada ba tare da kujera ba, ke kika fara gani, kika yi kamar ba ki gani ba, kika fita tsakar gida kina murmushi. Ranar da kika buge mini hannu kika ce, "Umma, kin tsallake iyaka," kika janye tsokar zuwa gefenki kika cinye, na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Yanzu ga ki inda babu ni, babu Gwaggo Lami, babu mai cewa ina kwanonki. Likita ta gaya mana ciwon nan yakan yi kwanton ɓauna, ya dawo lokacin da mutum ya shiga damuwa ko baƙon wuri. Saboda haka ga roƙona. Ki nemi yarinya ɗaya mai hankali a ɗakinku ku riƙa ci tare, ko ba kwano ɗaya ba, a dai ga juna. Ki karya da safe ko lacca ta matse ki. Azumin nafila ki bar shi sai likita ta ce to, Allah ya san niyyarki kuma ba ya bukatar yunwarki. Kada ki mayar da hawa sikeli sana'a. In kin ga siket ya ɗan matse, ba musiba ba ce, ki taka ƙafa, ki rage zaƙi, in abin ya dame ki ki je asibitin makaranta ki tambaya. Ba na so ki zama ni, ba na so ki koma waccan yarinyar ta bakin kanal. Akwai hanya a tsakiya, mun taka ta tare, kin san ta.

In kuma kika ji muryar nan ta dawo, mai ce miki kin yi yawa, mai sa ki ƙirga loma, kada ki ɓoye. Kin iya ɓoyo, na shaida, kin ɓoye wa gida guda. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki faɗa wa likita, ki faɗa mini. Ba zan yi faɗa ba, na riga na gwada na ga inda ya kai mu.

Zan gaya miki yadda nake tun da kika tafi, ko da zai sa ki ce Umma ta tsufa. Yammar farko na zuba abinci a langar kamar kullum, na ja layi, na ci gefena. Sai da na ɗago na ga babu kowa a ɗaya gefen tabarmar. Na daɗe zaune ina kallon rabonki. Daga baya na rufe na aika wa Gwaggo Lami. Ba a jima ba langar ta dawo yadda ta tafi, da saƙo: "Ba zan sake cin rabon yarinyar nan ba." Har yau hannuna bai koyi zuba na mutum ɗaya ba. Gidan cike yake da hayaniyar ƙannenki, amma in magariba ta yi sai in ji shi fayau. Ina kewarki, 'yata. Ban taɓa faɗa miki ba, yau na faɗa.

Ga abin da za mu yi. In kin idar da sallar magariba, ki sa abincinki a gaba. A daidai lokacin ni ma ina kan tabarma, na ja layina. In kin cinye, ki yi mini filashin, ƙara ɗaya ta isa, zan san gefenki ya tashi. Na san waya ma tana iya yin abin da wankakken kwano ya yi mini. Amma na zaɓi in yarda da ke. Ranar da kika kasa ci, kada ki yi filashin. Ki kira, zan ɗauka, in zauna da ke a kan layi har ki kai loma ta farko, ko da katin gidan nan duka zai ƙare.

Na haɗo miki da busasshen zogale da ƙuli-ƙuli da 'yar shinkafar da na turara da hannuna. Ba ta ciyayya ba ce, taki ce.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya ba ki ilimi mai amfani, ya ba ki lafiyar da za ki ci moriyarsa. Allah ya sa ki ga kanki yadda nake ganin ki yanzu da na koyi kallo. Ya dawo mini da ke lafiya, ki same ni a kan tabarmar nan.

Ki ci abinci, Rabi'atu.

Mahaifiyarki.